Makubar da Muka Kai wa Goggo Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na huta ba. In na je rijiya, "Hajara, yaya ƙasar Faransa?" In na kasa daddawata ran kasuwar Malumfashi, mai saye sai ta tsuguna ta manta abin da ya kawo ta, tana son labari. Kowa so yake in ce na ga abin mamaki. Na gani kam, amma ba irin wanda kuke so ba, kuma duk sa'ad da na maimaita sai raina ya sake ɓaci. Shi ya sa na ce bari in mori ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci in rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuwa a ƙyale ni in yi cinikina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ina da goggo a can, Dije, yayar babana, wadda wani falke ya aura ya tafi da ita tun ban san kaina ba. Mijin ya daɗe da rasuwa. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta goyi ɗan ƙanen mijinta, Sanda, wanda yanzu ya zama Alhaji Sanda, kuma shi ke riƙe da gidan. Ana cikin bazara sai wani direba ya tsaya ƙofar gidanmu da saƙon baki. Ya ce Goggo ta ce in kawo mata makuba mai yawa, in zo da mai waƙar daɓe, kada in bari ruwa ya sauka. Can arewa ɗorawa ba ta da yawa, ni kuwa mai daddawa ce, ɓawon ɗorawa, wato makuba, jibge yake a bayan ɗakina. Na ɗura buhuna na je na kira Kande.

Wanda bai san Kande ba bai taɓa zuwa daɓe a yankinmu ba. Bamagujiya ce, gidansu na ƙetaren rafi, kuma ƙawata ce tun muna tallan gyaɗa. Ba ta bin sallata, ba na shan giyarta, ba mu taɓa faɗa a kan wannan ba. In ta ɗaga murya mata suka saki madaɓai, ƙasa sai ta kwanta ko ba ta so. Mijinta ya ce ta je, tunda ba a fara shuka ba, amma ta dawo kafin a ɗauki fartanya.

Muka sami wata babbar mota da ta gama jigilar auduga zuwa Funtuwa ta koma ɗaukar mutane. Muka zauna kan buhunanmu, mu da wani mai awaki. Kafin Yashe wata akuya ta huda buhu ɗaya tana zaƙulo makuba, mai ita kuwa ya kau da kai kamar bai gani ba. Kande ta kama kunnen akuyar ta riƙe har Kankiya, tana yi mata huɗuba, tana cewa ubangidanta ne bai koya mata kunya ba. Mota duk ta ɗauki dariya, ban da mai awaki.

A Katsina muka sauka gidan wata fatoma mai saukar baƙi kusa da tasha. Ɗakin ba laifi, sai dai kuɗin-cizo sun riga mu kama wuri. Da safe Kande ta shiga kasuwa ta sayi riga mai hannu, shuɗiya, irin wadda ba ta taɓa sawa ba a rayuwarta. Ta ce ba za ta shiga birnin mutane da ɗaurin ƙirji a ce Katsinawa ba su da sutura ba. Daga nan sai Daura, daga Daura sai iyaka.

A iyaka aka sauke mu duka. Wani jandarma mai gajeren wando ya zo da tsinken ƙarfe ya soka buhunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗebo ya shaƙa, ya ce, "Wannan mine ne? Taba ce kuka ɓoye?" Na ce makuba ce, ta daɓen ɗaki. Bai yarda ba. Kande ta ɗauki guntu ta tauna, ta miƙa masa wani ta ce, "Ɗanɗana, samari, in taba ce ka tsare mu." Ya tauna, bakinsa ya ɗaure, ya tofar yana zagi da Faransanci, ya ce mu kwashe tsiyarmu. Ba mu tsira ba tukuna, don a gaba akwai masu duba lambar agana a damtse. Ni ina da tawa. Kande kuwa duk sa'ad da masu lamba suka zo ƙauyensu cikin rumbu take shigewa, to ranar ba rumbu. Aka naɗe mata hannun sabuwar riga aka yi mata, tana rantsuwa da aradu ba za ta sake ƙetare rafin gidansu ba.

Muna tashi direba ya bar hannun hagu ya koma dama. Kande ta ƙwalla ƙara, ta ce ya yi barci zai kashe mu. Aka ce mata haka ake tuƙi a ƙasar. Ta ce, "To mutanen da ba su san hannun hanya ba, mi za su sani?" A Matamai muka ci tuwon gero da miyar kuka wadda ba ta ji daddawa ba ko kaɗan, abin da ya ba ni haushi a matsayina na mai sana'a. Suna da wani burodi dogo kamar taɓarya, bayansa tauri cikinsa iska. Furarsu dai ta fi tamu, gaskiya ɗaya ce. Gaba kaɗan mota ta kafe cikin rairayi, maza suka sauka turi, mu ma aka ce mu sauka don buhunanmu sun yi nauyi.

Damagaram gari ne tsakanin manyan duwatsu, kuma ruwa a can abin saye ne, ba a miƙa wa baƙo kwano cike kamar nan. Gidan Goggo yana cikin Birni, tsohuwar unguwar da ke tsakiyar gari. Lunguna ne matsattsu, gidajen ƙasa dogaye, fuskar kowane zaure da zane, samansa da zankwaye. Ban taɓa ganin gini irin wannan ba, ko a Katsina. Amma tun kafin mu isa raina ya fara ɓaci. Nan an rushe wani an kafa kanti mai rufin kwano, can an yanke rabin wani don mota ta sami hanya. Muka tarar da ƙarti da diga suna fasa wani zaure, suna zare azara suna jibgewa gefe. Na tambayi ɗaya ina za a kai su, ya ce masu tuya za su saya su hura wuta. Giginyar da aka sara tun zamanin kakanni, wai ita za a soya ƙosai da ita! Na ce masa Allah ya sawwaƙe, ya dube ni kamar ni ce mahaukaciyar.

Da muka ga gidan Goggo tsaye, zanensa na sheƙi da sabon fenti, sai na yi hamdala. Ashe da sauran magana. Muka yi sallama muka shige zaure, aka nuna mana wani ɗan ɗaki mai rufin kwano a jikin katanga, kusa da makewayi. A nan na sami yayar ubana kwance kan tabarma da tsakar rana, ta jiƙa zane ta rufa a ka. Ɗakin kamar tanda. Ta tashi ta rungume ni tana kuka, tana kirana da sunan da ba mai kirana da shi tun rasuwar babana. A tsakiyar gidan kuwa ga wani soro babba, ƙofarsa da kwaɗo.

"Goggo, wancan fa na wane ne?"

"Nawa ne, ɗiyata. Nan aka kawo ni amarya, nan mai gidan ya cika."

Ta ba ni labari. Wai wani Bature mai yawon duba tsofaffin gine-gine ya shigo ya ga soron, ya ce abin ajiyewa ne, kada a taɓa shi. Daga nan baƙi suka fara zuwa kallo, Alhaji na yi musu jagora, suna yaba shi, manya na gaishe shi. Sai ya ce hayaƙin kaskon Goggo yana baƙanta rufi, tarkacenta kuma suna ɓata wa baƙi gani. Ya gina mata ɗakin kwano ya ce ai ta ci gaba, ya kulle soro.

Tunda Goggo ta goye shi, Alhaji Sanda taubashina ne, ina da bakin faɗa masa magana. Da ya shigo da yamma yana baza babbar riga, "Maraba da mutanen Ingila, kun zo lahiya?" ban bari ya zauna ba.

Na ce, "Lafiya lau, Alhaji. Na ga ka ajiye ɗaki a inuwa ka shanya uwarka a rana."

Ya yi dariya. Ya ce, "Taubashiya, ba ki canza ba. Kin ga abin da ake yi wa gidajen unguwar ga da idonki. An zo mini da maganar kanti har sau nawa na ƙi. Ba don ni ba, da yanzu gishiri ake aunawa a inda soron ga yake."

Wannan gaskiya ce, kuma ita ta fi ƙona mini rai. Na dai ce a zuciyata an yi gudun gara an faɗa zago. Ya ce ya ji mun zo da makuba, ya kuwa ji daɗi, don daɓen soron ya farfashe har wata baƙuwa ta yi tuntuɓe. Zai buɗe mana mu gyara.

Bayan ya fita Goggo ta jawo ni kusa ta faɗa mini abin da ya sa ta aiko. Kun san al'adarmu. Macen da aka yi wa daɓe, ɗakin nata ne. Matan da suka daɓe su ke ɗaukar tabarmarta su shimfiɗa mata da hannunsu, da guɗa, kuma ba namijin da ke tare musu ƙofa. Goggo ta bar gida shekaru aru-aru amma ba ta manta ba. Ta ce, "In mata suka shigar da ni, kunya za ta hana shi hidda ni." Da wannan ta kwana ta tashi tun ran da aka sa kwaɗon. Na ce mata in Allah ya yarda ba zan bar garin ba sai na gan ta kwance a ɗakinta.

Aka buɗe soron na shiga. Bakan gizo huɗu na gini sun taso daga bango sun haɗu a sama, an kafa wata tasa a mahaɗarsu. Azara jere kamar an saƙa tabarma, baƙi wuluk. Ga sanyi kamar cikin randa, alhali waje rana na dukan mutum. Kande ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta ce wanda ya gina wannan ba da hannu kaɗai ya yi ba.

Muka sa aka kawo jar ƙasa da tsakuwa, muka jiƙa makuba a manyan tukwane. Na aika goro gida-gida kamar yadda muke yi, na ce gobe akwai daɓe a gidan Dije. A nan in ka aika goro, kafin hantsi tsakar gida ta cika. Can kuwa suka karɓi goron suka cinye, ba wadda ta leƙo. Wasu na kulle, wasu suka ce ai yanzu siminti ake yi. Muka durƙusa mu biyu a ɗakin da mata ashirin ba za su cika ba, Goggo na bin mu da ƙwarya tana yayyafi. Na ce wa Kande wannan ko shekara muka yi ba za mu gama ba. Ta ce, "Bari ki gani, ƙawa." Ta gyara murya ta saki waƙa, tana cewa matan Birni sun ci goron daɓe sun ɓuya, bakinsu ja hannunsu fari.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce wa ake zagi. Kande ta ce wadda ta tsargu. Tsohuwar ta zagayo da muciya a hannu, don ba ta da madaɓi, ta durƙusa. Sai ga wata, sai ga wasu ta ƙofar baya, har da matan kullen da aka ce ba sa fita. Kafin azahar ɗakin ya cika, masu guntun taɓarya da masu muciya, Kande na bayarwa suna amsawa, ƙasa na amsa mana. Wata ta ce rabonta da jin ƙarar daɓe tun ran aurenta, tana faɗa tana share hawaye da gefen zane. Goggo ta dama fura da kanta. Ranar na ji daɗi ƙwarai, har na yafe wa garin miyarsa.

Kwanakin da suka biyo muna yayyafa ruwan makuba muna goge ƙasa da dutse, har daɓen ya yi ja-ja baƙi-baƙi yana ɗaukar ido. Ana nan sai ga Alhaji da Turawa, maza biyu da mace, da abin ɗaukar hoto rataye a wuya. Suka duba sama suka duba ƙasa suna ta surutu. Sai Alhaji ya ce wai baƙi sun so su ga yadda ake yi, mu ɗauki madaɓai mu sake bugawa. Na ce daɓen da ya bushe? Ya ce ai ba bugun gaske ba, mu dai ɗaga hannu. Ya juya wurin Kande ya ce ita kuma ta tuɓe rigar nan, ba ta yi kama da gargajiya ba.

Kande ta dube shi daga rawani har takalmi. Ta ce, "Alhaji, kai ka fara tuɓe taka ka ɗaura warki irin na kakanka, sai in bi ka."

Ni kuwa na cika na batse, na ce ba birai ya ajiye ba. Har na juya zan fita, Goggo ta kama gefen zanena. Ta ce a hankali, "Ku yi mishi, ɗiyata. Kada ya sami abin fakewa." Don ita na durƙusa. Muka yi ta ɗaga madaɓi muna saukewa a iska, kamar masu taɓin hankali, Kande da rigarta, ana ƙyasta mana hoto. Da aka gama Turawan suka yi ta girgiza hannun Alhaji suna yaba masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba.

Ran shiga ɗaki matan unguwa suka taru da hantsi. Wata ta ɗauki tabarmar Goggo, wata tulunta, ni na ɗauki kasko, Kande na gaba. Goggo ta ɗaura zanenta na saƙi wanda ke ƙasan adaka. Aka rangaɗa guɗa muka nufi soro. Muka tarar da sabon kwaɗo, wanda ya fi na da girma, Alhaji na tsaye a gefe.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Daɓe irin wannan ba na takawa ba ne. Baƙin nan sun ce ba su ga kamarsa ba a duk ƙasar. In aka aza kasko a kai ya ƙone, wa zai sake yin wani?"

Na ce, "Mata sun yi wa uwarka daɓe, sun ɗauko tabarmarta, kai ne za ka tare ƙofa?"

Ya ce, "Wannan al'adar ƙauyenku ce, taubashiya. Nan birni ne."

Na waiwaya ina jiran matan su yi magana. Amma ina! Mijin wannan yaron Alhaji ne, mijin waccan a inuwarsa yake ci. Mai tabarma ta jingine ta a bango, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane abin da muka yi. Da daɓen na farfashe, wataƙila wata rana ya gaji ya bar mata. Mu muka ɗauko makuba tun daga Malumfashi, muka zo muka gyara masa abin da zai ƙara hana ta.

Idona ya rufe. Na ajiye kasko na sunkuci taɓarya, na ce wallahi sai na ɓalle kwaɗon nan na farfasa daɓen da hannuna, tunda ni na yi shi. Alhaji ya ja da baya. Ba shi ya tare ni ba, Goggo ce. Tsohuwar da iska ke iya kayarwa ta riƙe mini wuyan hannu gam. Ta ce, "Ajiye, Hajara. Ɗakin bai yi miki komi ba."

Na roƙe ta ta bi ni gida. Na ce ina da ɗaki, ina da hatsi, 'ya'yan ƙanenta za su riƙe ta da daraja. Kande ma ta sa baki, ta ce ko a gidansu aka kai ta ba za a kwantar da ita kusa da makewayi ba. Goggo ta ce ta gode, amma ba ta zuwa. Na yi fushi da ita ma, na ce wane irin taurin kai ne wannan, me ya rage mata a gidan?

Sai ran da za mu taso na gani. Mun ɗaure kaya da sassafe na je yi mata sallama, ba ta ɗakin kwano. Na same ta tsugune a ƙofar soro, ta aza kasko dab da dokin ƙofa, ta zuba ɗanyen ganye kan garwashi, tana kora hayaƙin ta ƙarƙashin ƙyaure da mafici. Na ce Goggo me kike yi haka?

Ta ce, "Azarar nan hayaƙi ne ya riƙe ta. In ya daina shiga, gara za ta hau, damina biyu rufin ya zubo. Kullum ina yi kahin Sanda ya fito." Ta ɗan gyara garwashin da tsinke. "In na bi ki, wa zai yi?"

Na tsaya da ƙunshin kayana a ka, hawaye na zuba. Kande ta juya baya tana fyace hanci.

Goggo ta ce, "Ku tahi, mota ba ta jira. Ki gaida mutanen gida."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, don kada hayaƙin ya kauce.